Labarin Ƙaramin Jirgin Kuza da Ya Hau Tudun Jos

Mu da muka fito daga Birnin Kudu da Gwaram ba mu tashi da jin kukan jirgin ƙasa ba, gama ba a taɓa shimfiɗa masa hanya a ƙasarmu ba. Abin da muka sani shi ne duwatsu, da jakuna, da motocin da ke bin hanyar Kano. Saboda haka da muka ji labarin wani jirgi wanda aikinsa hawan dutse ne, sai muka ga ya kamata mu bi diddiginsa, mu kawo wa 'yan'uwa da malamanmu, don akwai abin lura a cikinsa wanda ya shafi gidanmu.

Asalin maganar kuza ce. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai da na Liruwen Dalma suna narka ta, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Da Turawa suka ci ƙasar, sai kamfanoninsu suka bi sawun kuzar har suka tarad da ita jibge a kan tudun da garin Jos ya ke. Amma fa samu daban, fitarwa daban. A ka a ke ɗaukarta, 'yan dako su yi kwana da kwanaki kafin su kai Loko, bakin kogin Binuwai, inda a ke zuba ta cikin jirgin ruwa. Manyan injunan haƙa kuwa ba yadda za a yi su hau kan mutum.

Hanyar jirgi ta bi ta Zariya ta isa Kano cikin 1911. A shekarar nan aka fara yanko mata reshe daga Zariya, ya nufi gabas maso kudu, ya bi ta Soba, da Dutsen Wai, da Kudaru, ya kai Rahama cikin 1912. Sa'an nan ya wuce ta Jengre, ya kama hawa, ya isa Jos da Bukuru cikin 1914. Tsawonsa duka mil 143. Aka sa masa suna Ƙaramar Reluwe ta Bauchi, alhali kuwa bai taɓa zuwa birnin Bauchi ba. Dalili, a lokacin nan tudun Jos cikin Lardin Bauchi ya ke, sai cikin 1926 aka yanka Lardin Filato. Birnin Bauchi kansa bai ga jirgi ba sai 1961, shi ma ta wata hanya dabam wadda ta taso daga Kuru.

To, me ya sa aka ce ƙarama? Tsakanin ƙarafa biyu na babbar hanyar Ikko zuwa Kano ƙafa 3 ne da inci 6, na wannan kuwa ƙafa 2 da inci 6. Ba rowa kaɗai ta kawo haka ba, akwai hikima. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, hanyarsa kuma ƙarfe, in hawa ya yi tsanani sai ƙafar ta yi ta juyawa wuri guda tana zamewa. Zariya tana bisa teku da wajen ƙafa 2,000, Jos kuwa wajen 4,000, tilas a raba hawan nan kaɗan kaɗan. Kowa ya taɓa kora jaki da mangala bisa dutse ya san ba ya miƙewa sak, sai ya ratsa nan ya ratsa can. Haka jirgi ya ke yi. Matsattsiyar hanya ta fi saurin lanƙwasa a gindin dutse, ba ta bukatar a fasa tsauni da yawa, gadojinta kuma ƙanana ne, ga arha. Aibinta shi ne jirginta ba ya gudu, ba ya kuma jan kaya masu yawa.

Kada mu manta da waɗanda suka yi aikin. Da diga da kwando aka haƙa hanyar, talakawan lardunan nan ne suka ɗauki ƙasa a ka. Da aka gama kuma, jirgin ya riƙa hawa da hatsi, da injuna, da leburori, yana saukowa da kuza, har Jos ta tashi daga ƙauye ta zama gari mai tara kabilu. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya cikin 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka shiga ɗiban mutane tilas daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza har 1944. Da yawa ba su saba da sanyin tudun ba, waɗansu ba su komo gida ba. Wanda duk zai ba da labarin kuza ya tsallake wannan, rabi ya faɗa.

Abin da ya kashe hanyar tun ran haihuwarta ya ke tare da ita. Da ya ke fāɗinta bai yi daidai da na babbar hanya ba, kowane buhu sai an sauke shi a Zariya, an sake lodi cikin wani tarago. Cikin 1927 babbar hanya ta hau tudun daga Kafanchan, ta haɗa Jos da gawayin Inugu da tashar jirgin ruwa ta Fatakwal ba tare da sauke kaya ba. Daga baya kuma manyan motoci suka yawaita. Ƙaramin jirgi ya yi ta ɗingishi shekara 30, har aka rufe hanyar cikin 1957, aka kwashe ƙarafanta. Abin da aka tsirar, kawunan jirgi ne da taragai kaɗan, waɗanda aka ajiye a wajen gidan kayan tarihi na Jos.

Yanzu bari mu leƙa ƙasar Hindu, mu ga wani ɗan'uwansa da ya sami rabo dabam. Can gindin duwatsun Himalaya akwai wani gari mai sanyi, Darjilin, wanda ya shahara da ganyen shayi. An gama masa hanyar jirgi cikin 1881, fāɗinta ƙafa 2 kacal, tsawonta mil 50 da 'yan kai, amma tana hawa fiye da ƙafa 7,000. A waɗansu wurare hanyar ta kan kewaya ta bi ta bisa kanta kamar an naɗe gammo, a waɗansu kuma jirgi ya kan yi gaba, ya komo da baya bisa wani reshe, ya sake yin gaba, kowane juyi yana ƙara tashi. Shi ma motoci sun ƙwace masa ciniki, zaizayar dutse ta sha yanke shi, amma ba a tumɓuke shi ba. Cikin 1999 hukumar UNESCO, mai kula da ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin littafin kayan gadon duniya, watau abubuwan da a ke ganin hasararsu hasara ce ga 'yan Adam duka. A shekarar nan ce kuma Sukur ta ƙasar Adamawa ta shiga littafin, ita ce ta fari daga Nijeriya.

Mun dai ga bambancin. Jirgin Darjilin ya fi namu gwanintar gini, wannan gaskiya ne, amma babban abin shi ne nasa ya tarar da masu riƙonsa, namu kuwa da ya daina kawo riba aka auna shi da nauyin ƙarfensa. Hukuma ba ta iya rubuta abin da babu shi. Tsufa kaɗai ba ya mai da abu gado, sai an sami waɗanda suka san darajarsa tun yana nan.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Ba mu da jirgi, amma a Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu marasa tozo waɗanda mutanen dā suka yi a jikin dutse, akwai kuma duwatsu masu amo in an buga su. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan kayan tarihi na Jos cikin 1952, ya zo ya duba su ya rubuta labarinsu, daga baya aka sa zanen cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta tsare. Amma doka ba ta kwana a gindin dutse. Yaro da gawayi a hannu, ko mai hura wuta a kogo, ko mai fasa dutse don gini, yana iya shafe cikin yini guda abin da ya yi ɗaruruwan shekaru.

Mu ne za mu fita mu riƙe makarantu a garuruwan nan. In muka kai yara suka gani da idonsu, muka zauna gaban tsofaffi muka rubuta abin da suka sani na duwatsunmu, da fatauci, da tafiya kuza, mun yi namu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai wanda ya adana ta ya ke samu. Allah ya sa mu zama masu adanawa, amin.