Jitar bas: Sana'ar makaɗin da ake jin amonsa, ba a san sunansa ba

Lokacin da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a ranar 26 ga watan Yulin 2023, ƙungiyar makaɗan Nijar ɗin nan da Mdou Moctar ke jagoranta tana tsakiyar rangadi a Amurka.

An rufe iyakokin ƙasar, uku daga cikin mutum huɗu da ke ƙungiyar suka rasa hanyar komawa gida.

Na huɗunsu, Mikey Coltun, Ba'amurke ne mai kaɗa jitar bas. A cikin wannan zaman jiran ne ƙungiyar ta shiga situdiyo a unguwar Brooklyn da ke birnin New York, inda aka ɗauki waƙoƙin faifan Tears of Injustice wanda ya fito a 2025, kuma Coltun ne ya tsara sautinsa.

Tarihin Coltun dai misali ne na wata sana'a da ba a cika magana a kanta ba, wato sana'ar makaɗin da ke tsaye a bayan fitaccen mawaƙi, ya yi masa kiɗa a situdiyo, ya bi shi gari-gari, alhali ba sunansa ne a kan allon talla ba.

Mece ce jitar bas?

A ido, jitar bas ta yi kama da jitar da aka saba gani, sai dai wuyanta ya fi tsawo, kuma galibi tsirkiya huɗu gare ta masu kauri maimakon shida.

Kamfanin Fender na Amurka ne ya yaɗa ta bayan ya fitar da samfurin Precision Bass a 1951. Kafin lokacin, makaɗan Turai da Amurka na dogara ne da wani makeken goge da ya kai tsawon mutum, mai wahalar ɗauka, wanda kuma ganguna kan danne amonsa.

Aikin mai bas shi ne haɗa tsakanin mai ganga da sauran makaɗa. Yana bin bugun ganga, yana kuma shimfiɗa amo mai kauri wanda waƙar ke hawa a kai. Shi ne amon da mutum kan ji a ƙirjinsa idan ya tsaya kusa da babbar lasifika.

Tsirkiya mafi kauri tana karkarwa ne kimanin sau 41 a daƙiƙa guda, amon da ƙaramar lasifikar wayar salula ba ta iya fitarwa sosai. Ke nan wanda ke sauraron waƙa a waya zai iya jin ta daga farko har ƙarshe ba tare da ya san akwai mai bas a ciki ba.

Salon da ya ɗaga darajarta

A ƙarshen shekarun 1960 ne wani reshe na kiɗan rok ya ɓulla a Ingila, wanda ake yi wa laƙabi da furog, wato rok mai dogon zango da sarƙaƙiya.

Ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Genesis da Pink Floyd sun yi watsi da al'adar waƙar minti uku da gidajen rediyo ke so. Waƙar Close to the Edge da Yes ta fitar a 1972, alal misali, ta haura minti 18.

Tsawon waƙa dai ba baƙon abu ba ne ga kunnen da ya saba da Bakandamiyar Mamman Shata. Abin da ya bambanta furog shi ne yawan sauya taki a tsakiyar waƙa, ta yadda kiɗa zai tashi daga wannan awo ya faɗa wancan ba zato ba tsammani.

A irin wannan kiɗa, idan mai bas ya yi tuntuɓe, kowa ya ɓata. Hakan ne ya sa ƙungiyoyin suka riƙa neman ƙwararru ruwa a jallo, ko da kuwa na haya ne.

Aikin situdiyo da aikin hanya

Sana'ar ta kasu kashi biyu. Akwai aikin situdiyo, inda ake kiran makaɗi ya zo ya kaɗa a waƙar da sau da yawa bai taɓa ji ba, a biya shi ladan zaman, ya kama gabansa.

Akwai kuma aikin rangadi, inda ake ɗaukarsa na makonni ko watanni, ya haddace waƙoƙin wani, ya kaɗa su dare bayan dare a garuruwa daban-daban.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara wajen haɗa biyun shi ne Tony Levin, wanda aka haifa a birnin Boston a 1946. Ya karanci kiɗan gargajiyar Turai a makarantar Eastman da ke Rochester kafin ya koma New York ya zama makaɗin haya.

Ya kaɗa a faya-fayai sama da 500. Daga ciki har da Double Fantasy na John Lennon, wanda ya fito makonni kaɗan kafin a harbe mawaƙin a watan Disambar 1980, da kuma faifan da Pink Floyd ta fitar a 1987 bayan ficewar mai bas ɗinta Roger Waters.

Ya fara aiki da Peter Gabriel tun faifansa na farko a 1977, ya kuma shiga King Crimson a 1981. A 2024, yana da shekara 78, ya sake hawa hanya a wani rangadi na waƙoƙin King Crimson na shekarun 1980.

Abin da ke ba makaɗi irin wannan tsawon rai a sana'a ba gwanintar yatsu kaɗai ba ce. Sai ya kasance mai saurin ɗaukar waƙa, mai cika alƙawari, mai haƙurin zama da mutane cikin mota guda na tsawon makonni, kuma mai sanin lokacin da ya kamata ya rage kiɗa don muryar wani ta fito.

Kura da shan bugu

Inda gizo ke saƙar shi ne batun kuɗi. A tsarin haƙƙin mallaka na yawancin ƙasashe, kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai waƙar, da kuma kamfanin da ya mallaki faifan.

Makaɗin haya kuwa, bisa al'ada, ladan yini yake karɓa, ko waƙar ta karɓu ko ta faɗi.

Herbie Flowers, ɗan Ingila mai kaɗa bas wanda ya rasu a 2024, shi ne ya ƙirƙiri amon da aka fi sanin waƙar Walk on the Wild Side ta Lou Reed da shi a 1972. Ladan zama kawai aka biya shi.

Shari'ar da ta fi jan hankali a kan wannan batu ita ce ta Clare Torry, wata mawaƙiyar haya da aka biya fam 30 a 1973 don ta rera wani ɓangare na faifan The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, wanda daga baya aka sayar da kwafi sama da miliyan 40.

A 2004 ta kai ƙara kotu. An sasanta a 2005, kuma tun daga lokacin ake rubuta sunanta cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Daga Legas zuwa Landan

Najeriya ma ta taɓa fitar da mai bas da ya bi wannan hanya. Mike Odumosu na cikin matasan makaɗan Legas a farkon shekarun 1970.

Shi da Berkley Jones da Laolu Akins suka kafa ƙungiyar BLO, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1973. A tsakiyar shekarun ne Odumosu ya koma Osibisa, ƙungiyar da Teddy Osei ɗan Ghana ya kafa a Landan a 1969, wadda ta samu karɓuwa a wurin masu sauraron furog.

Hanyar Agadas

Coltun kuwa hanyar ya bi ta baya, daga Amurka zuwa Afirka. Ya taso a yankin birnin Washington, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Les Rhinocéros mai kiɗan gwaje-gwaje, sannan ya yi wa Cheick Hamala Diabaté na Mali da Janka Nabay na Saliyo kiɗa.

Shi kuwa Mdou Moctar, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Buzu ne ɗan asalin jihar Tahoua. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba saboda dalilai na addini, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta da wayar birkin keke.

A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Waƙoƙin sun yaɗu ne daga waya zuwa waya a faɗin Sahara, har suka isa kunnen kamfanin Sahel Sounds na Amurka.

Bayan Mdou ya fara rangadin Amurka a 2017, Coltun ya zama mai bas ɗin ƙungiyar, tare da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu da Souleymane Ibrahim mai ganga. A shekarun farko, shi ne kuma direba da mai kula da harkokin tafiya.

Don yin atisaye, ya sha tashi daga New York zuwa Yamai, sannan ya hau motar haya ta yi fiye da yini guda a kan hanyar Agadas mai tsawon sama da kilomita 900. A can, ƙungiyar kan yi wasa ne a gidajen biki, inda babu dandamali, kuma jama'a ke kewaye makaɗa.

Ba a sanya kiɗan Mdou Moctar a sahun furog kai tsaye. To sai dai waƙoƙinsa na da tsawo, kuma takinsu kan yi ta ƙara sauri har ƙarshe, abin da ke ɗora nauyi mai yawa a kan mai bas da mai ganga.

Darasin da ke cikin tarihin Coltun shi ne bai tsaya a kaɗa tsirkiya ba. Shi ya tsara sautin Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, waɗanda kamfanin Matador ya fitar, matsayin da ya sa sunansa ya hau bayan faifai, ya kuma samu ta cewa a kan yadda waƙa za ta fito.

Yaya lamarin yake a ƙasar Hausa?

Tsayuwa a bayan mawaƙi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Shata na da makaɗan kalangu da 'yan amshi, haka ma Narambaɗa da Ɗanƙwairo na da masu kotso. Kyauta kan shiga hannun uban tafiya ne, shi kuma ya raba wa yaransa gwargwadon matsayinsu.

A masarautar Haɗeja, marigayi Haruna Uji ya yi suna da gurmi, kayan kiɗa mai tsirkiya wanda ake kaɗawa da yatsu.

Amma jitar bas ba ta samu gindin zama a arewacin Najeriya ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, daga baya kuma kwamfuta, inda mutum ɗaya ke fitar da amon ganga da sarewa da bas duk da yatsunsa.

Hakan ya rage tsadar ɗaukar waƙa ƙwarai, ya buɗe ƙofa ga matasa masu yawa, amma kuma ya toshe gurbin makaɗin haya tun kafin a san da shi.

A garuruwa irin su Kirikasamma da ke fadamar kogin Haɗeja, gidan biki yanzu ya fi sauƙin ɗauko mai lasifika da janareta a kan ya gayyato tawagar makaɗa da za a ciyar, a sallama. Amon bas ɗin da ke girgiza lasifikar, na'ura ce ta kaɗa shi.

Ga kuma kallon da al'umma ke yi wa sana'ar. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, sannan a al'adance ana ɗaukar kiɗa a matsayin sana'ar gado ta wasu gidaje, abin da ke sa iyaye da dama ƙin barin 'ya'yansu su koya.

A tsallaken iyaka kuwa labarin ya sha bamban. Ƙungiyar Tal National, wadda wani alƙali da aka fi sani da Almeida ya kafa a Yamai a shekarar 2000, ta yi suna da wasan awa biyar a dare guda, tana rera waƙoƙi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci.

Ta tara makaɗa fiye da yadda dandamali ɗaya ke buƙata, domin ta iya rabuwa biyu ta yi wasa a wurare biyu a lokaci guda. Masu sharhi a Turai da Amurka sun sha kwatanta sarƙaƙiyar kiɗanta da ta furog, musamman bayan fitowar faifan Kaani a 2013.

Abin da ke gaba

Sana'ar na da rauni ko a inda ta kafu. Annobar korona ta dakatar da rangadi a duniya a 2020, kuma makaɗan haya, waɗanda ba su da kaso a waƙoƙin da suke kaɗawa, na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ga makaɗan Afirka kuma, akwai ƙarin matsalar biza da ta rufe iyakoki.

A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga masu gabatar da wasa, ba ga marubuta waƙa kaɗai ba.

Sai dai amfana da dokar ya dogara ne ga abin da aka rubuta kafin a fara ɗaukar sauti: sunan wa zai hau kan waƙar, nawa ne ladan, kuma ko akwai kaso idan ta karɓu. A situdiyoyi da dama na arewa, har yanzu da baki ake ƙulla irin wannan yarjejeniya.