Yadda zaɓin kodon ke kare auduga daga tsutsa

Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga na daga cikin manyan matsalolin manoma a yankin Bakori da Funtua da Malumfashi a kudancin jihar Katsina.

A shekarar 2018 ne Najeriya ta amince da noman irin auduga na Bt, wanda aka gwada tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya.

Ita dai wannan auduga tana samar da wani furotin mai kashe tsutsar, kuma an ɗauko umarnin haɗa shi ne daga wata bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis.

To sai dai a gwaje-gwajen farko a shekarun 1980, furotin ɗin da tsirrai suka samar bai taka kara ya karya ba.

Umarnin da ke cikin ƙwayoyin gado dai a rubuce yake da haruffa huɗu, ana kuma karanta su uku-uku. Kowane ukun shi ake kira kodon.

Akwai kodon 64, kuma 61 daga ciki ne ke nuni ga sinadaran amino 20 da ake harhaɗawa su zama furotin. Ke nan sinadari ɗaya kan iya samun kodon har shida.

Amma kowace halitta da waɗanda ta fi amfani da su. Ribosom, wato injin haɗa furotin, yana jiran wasu 'yan aike da ake kira tRNA su kawo masa sinadarin da kodon ya nema. Idan 'yan aiken wani kodon ba su da yawa, sai aiki ya yi jinkiri, kamar magini mai jiran bulo.

A shekarar 1991, masu bincike a kamfanin Monsanto na Amurka sun bayyana cewa sun sake rubuta umarnin da kodon da tsirrai suka saba da su, tare da cire sassan da ke sa saƙon ya lalace da wuri. Yawan furotin ɗin ya ninka har sau 100.

Masana na gargaɗin cewa sauri ba kullum ne alheri ba, domin ɗan jinkiri a wasu wurare na bai wa furotin damar naɗewa daidai.

Ga manomi kuwa, yawan furotin ɗin na da muhimmanci: idan ya yi kaɗan, wasu tsutsotsin kan tsira, su kuma hayayyafa waɗanda ba ya iya kashewa.