Sauya Kwamfutar Tebur Da Ta Tafi-da-gidanka: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Kamfanonin da ke son a ci gaba da ba su kariya sai sun biya dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara har tsawon shekara uku. Wannan mataki ya shafi ofisoshi da shaguna masu yawa a Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, domin tsofaffin kwamfutocin tebur da ake riƙe lissafin ciniki da su ba duka ne za su iya ɗaukar sabuwar manhajar Windows 11 ba. Saboda haka ɗan kasuwar da ya daɗe yana ɗage maganar sayen sabuwar na'ura ya zo inda dole ya yanke shawara: ko ya sake sayen ta tebur, ko kuwa ya koma ga ta tafi-da-gidanka mai faffaɗar fuska, wadda za ta yi masa aikin ofis kuma ya iya saka ta cikin jaka.

Wannan tambaya ba ta taso ba a farkon zamanin kwamfuta. A shekarar 1981 da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, wadda ake iya ɗauka a lokacin, watau Osborne 1, nauyinta ya kai kilo 11, fuskarta kuma inci 5 ce kacal. Sai a shekarar 2008 ne yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka da masana'antu suka fitar a duniya ya zarce na tebur karo na farko. Daga nan kuma ƙarfinsu ya riƙa ƙaruwa, har ya zama aikin lissafin shago, da rubuta wasiƙu, da hulɗa da banki ta intanet ba su gagari matsakaiciyarsu ba. Abin da ya rage wa mai saye shi ne lissafin kuɗi, da kuma sanin abin da zai duba.

Batun wutar lantarki

Babbar hujjar masu sauyawa a Nijeriya ita ce wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur tare da fuskarta takan ja kimanin wat 100 zuwa 200, alhali ta tafi-da-gidanka takan yi aikin ofis da wat 30 zuwa 60. In an ɗauki wat 150 ga ta farko da wat 40 ga ta biyu, ana aiki awa 8 a rana, kwana 26 a wata, ta tebur za ta ci yunit 31 da ɗan ɗoriya, ta tafi-da-gidanka kuwa yunit 8 da ɗan ɗoriya. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Harkar Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu amfani da wuta na rukunin A zuwa N225, kafin daga baya a ɗan sassauta. Bisa wancan farashi, bambancin ya kai wajen N5,100 a wata, watau kusan N62,000 a shekara a kan na'ura guda.

Kuɗi ne, amma shi kaɗai ba zai biya kuɗin sabuwar na'ura ba. Dalili kuwa shi ne kusan dukkan kwamfutocin nan daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya sake tsarin canjin kuɗi a watan Yuni na 2023, ana sayar da dala ɗaya wajen N460 a farashin hukuma. A watan Fabrairu na 2024 ta haura N1,500. Na'urar dala 700 da a da za ta tsaya a kan N322,000 ta koma sama da Naira miliyan ɗaya. Wanda zai jira ragowar kuɗin mita ta mayar masa da wannan jari zai shekara goma sha yana jira, na'urar kuwa ba za ta kai haka ba.

Inda lissafin ke juyawa shi ne lokacin da aka ɗauke wuta. Kwamfutar tebur tana mutuwa nan take, sai fa in an haɗa ta da na'urar riƙe wuta ta UPS, wadda ƙaramarta ba ta wuce ba mutum 'yan mintoci ya adana aikinsa ya kashe. Ta tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir takan yi awa huɗu zuwa takwas tana aiki. Tun da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da N200 har ta haura N1,000 a ƙarshen 2024. In ƙaramin janareto yana shan rabin lita a awa, ana kunna shi awa 4 a rana saboda kwamfuta kawai, a farashin N1,000 mai shago zai kashe N52,000 a wata, watau sama da N600,000 a shekara. Ga irin wannan ɗan kasuwa, sabuwar na'urar za ta mayar da kuɗinta cikin shekara biyu. Amma wanda janaretonsa ke aiki ko da kwamfuta ko babu, saboda firji ko injin ɗab'i, bai kamata ya sa wannan riba cikin lissafinsa ba.

Inci ba shi ne girman fuska ba

Bayan batun wuta, abin da ya fi rikita masu saye shi ne fuskar na'urar. Ana auna ta ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, don haka fuska biyu masu inci ɗaya suna iya bambanta a fili. Tsohuwar fuskar tebur mai inci 15, wadda tsarinta 4 ne a faɗi 3 a tsayi, tana da faɗin inci 12 da tsayin inci 9. Fuskar inci 15.6 da ta cika kasuwa, mai tsarin 16 da 9, faɗinta inci 13.6 ne amma tsayinta bai kai inci 7.7 ba. In aka buga lissafi, tsohuwar tana da fili murabba'in inci 108, sabuwar kuwa 104. Ashe mai ƙaramin lamba ce ta fi fili.

Tsarin 16 da 9 ya mamaye kwamfutoci ne daga wajen shekarar 2008, saboda shi ne tsarin talabijin na zamani, kuma ya fi wa masana'antu araha su yanka gilashi iri ɗaya. Ya dace da kallon fim. Ga mai lissafi ma yana da amfaninsa, domin yana nuna gidajen jadawali da yawa a jere, kamar kwanan wata, sunan kaya, adadi, farashi da bashi, sa'an nan ana iya ajiye takardu biyu gefe da gefe ana gwada rasit da littafin ajiya. Illarsa ita ce gajarta: layukan da ake gani a lokaci guda kaɗan ne, sai mutum ya yi ta gangarawa yana hawa.

Don haka ne daga wajen 2020 kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo suka riƙa komawa ga tsarin 16 da 10. Fuskar inci 16 mai wannan tsari faɗinta ɗaya da na inci 15.6, amma tsayinta ya kai inci 8.5, filinta kuma murabba'in inci 115. Ga wanda aikinsa jadawali ne da wasiƙu, wannan ita ce ta fi kusa da maye gurbin ta tebur.

Har ila yau akwai yawan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto. Na'urori masu araha da tsofaffi da yawa suna da ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsayi, kuma komai girman irin wannan fuska abin da take nunawa kaɗan ne. Mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa shi ne 1920 da 1080. Mai 1920 da 1200 tana ƙara kashi 11 cikin 100 a tsayi, watau layi biyar ko shida na jadawalin Excel. Sa'an nan mai shagon da ke fuskantar titi ya nemi fuskar da ba ta ƙyalli, domin mai sheƙi takan zama madubi da zarar hasken rana ya faɗo mata.

Nauyi da madannai

Faɗin fuska yana tafe da nauyi. Mai inci 14 takan yi kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, mai inci 15.6 ko 16 takan kusanci kilo biyu, mai inci 17.3 kuwa takan wuce haka, ban da nauyin cajarta, kuma babbar fuska ta fi cin batir. Fataken da ke zirga-zirga tsakanin kasuwar Mile 12 ko Alaba da garuruwan Arewa za su ji wannan bambanci a kafaɗa. A ɗaya ɓangaren, masu inci 15.6 zuwa sama ne galibi ke zuwa da madannan lambobi na daban a gefen dama, abin da akawu ko ɗan canji da ke shigar da alƙaluma duk yini ba zai so ya rasa ba.

Akwai kuma hanyar da ta haɗa amfanin biyun, watau a sayi mai inci 14 a haɗa ta da fuskar tebur mai inci 24 da madannai na waje in ana ofis. Fuskar inci 24 ta ninka ta inci 15.6 a fili har da ƙari, wutar da take ja kuma ba ta wuce wat 20 zuwa 30 ba. Wanda tsohuwar fuskarsa ke da lafiya ma ba sai ya sayi wata ba. Wannan tsari yana kuma sauƙaƙa ciwon wuya da na baya da ke samun mai sunkuyawa kan ƙaramar na'ura daga safe zuwa yamma.

Abin da ta tebur ta fi

Ba ta kowace fuska ta tafi-da-gidanka ta yi nasara ba. In shayi ya zube kan madannan kwamfutar tebur, a sayi wasu da kuɗi kaɗan a ci gaba da aiki; in ya zube kan ta tafi-da-gidanka, yana iya ratsawa ya ƙona uwar na'urar gaba ɗaya. Kayan cikin ta tebur ana canza su ɗaya bayan ɗaya, amma a sababbin siraran na'urori da yawa an liƙe ma'adanar aiki ta RAM, ba a iya ƙara ta daga baya. Batir ma yana tsufa, yakan fara rage ƙarfi bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar, zafi kuma yana gaggauta lalacewarsa. Ƙura da zafin ƙasar nan suna toshe ƙananan kafofin shan iskarta fiye da na babban akwatin tebur.

Sai kuma sata. Abin da mai shi ke iya sa wa a jaka, ɓarawo ma yana iyawa, kuma yakan tafi ne da sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu da jerin masu bashi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Saboda haka kulle na'ura da kalmar sirri, da rufe ma'ajiyarta ta yadda baƙo ba zai iya karantawa ba, da adana kwafin lissafi a wani wuri daban, duk sun shiga cikin kuɗin mallakarta. A teburin karɓar kuɗi, inda ma'aikata da yawa ke amfani da na'ura ɗaya kuma ba ta zuwa ko'ina, ta tebur ce har yanzu ta fi dacewa.

A kasuwa

Yawancin ƙananan 'yan kasuwa na hannu suke saya, irin waɗanda ake kira tokumbo, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da makamantanta. Wannan ba laifi ba ne, domin na'urorin ofis irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook an ƙera su da ƙwari, kayan gyaransu kuma suna samuwa. Haɗarin shi ne mutum ya sayi wadda ita ma ba ta ɗaukar Windows 11, ya koma gidan jiya. Manhajar tana bukatar ƙwaƙwalwar Intel samfuri na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko, a na'urorin tafi-da-gidanka, Ryzen 3000 na kamfanin AMD zuwa sama, tare da sashen tsaro na TPM 2.0. Ana gane samfurin daga lambar da ke bin sunan: i5-8250U na takwas ne, i5-6300U kuwa na shida ne, ko da mai sayarwa ya yi dabarar ɗora masa sabuwar manhajar.

Ko da yake Microsoft ya ce gigabait 4 na RAM ya isa a ɗora manhajar, aikin kasuwanci yana son 8 a ƙalla, 16 kuma ya fi kwanciyar hankali. Ma'ajiyar ta kasance irin ta SSD, mai gigabait 256 ko 512, saboda ta fi tsohon faifai sauri da jure girgizar hanya. Windows yana iya fitar da rahoton lafiyar batir, wanda ke nuna ƙarfinsa na asali da wanda ya rage masa, kuma mai saye yana da damar ya ce a nuna masa kafin ya biya. A buɗe farin shafi a duba fuskar ko akwai tabo ko layi, a gwada kowane madanni da kowace kafa, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da wa'adin garanti a rubuce. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

A taƙaice, wanda kwamfutar teburinsa ke ɗaukar Windows 11 kuma yana samun wuta ba shi da dalilin gaggawa. Wanda tasa ta tsufa, kuma janareto ke cinye masa riba, sauyawar za ta biya shi. In yawancin aikinsa a zaune ne, mai inci 16 da tsarin 16 da 10, ko mai inci 15.6 da madannan lambobi, ita ce daidai da shi. In matafiyi ne, mai inci 14 da babbar fuska a ofis. Kafin ya nufi kasuwa, ya fara zama da takardun kuɗin wuta da na mai na wata uku da suka wuce, domin su ne za su gaya masa nawa ya kamata ya kashe.