GIDAN HAYA: A YI LISSAFI KAFIN A ZUBA KUƊI

A ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, mutum idan ya samu rarar kuɗi, a da shanu yake saye. Yau satar shanu ta sa da yawa sun juya ga sayen fili ko gida a cikin gari domin su zuba 'yan haya. Dalilinsu shi ne ɓarawo ba ya kora gida zuwa daji. Wannan gaskiya ne. Amma gida ma yana iya cinye kuɗin mai shi a hankali, ba tare da ya lura ba.

Abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne, su wane ne za su shiga gidan, kuma har yaushe za su zauna? Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, hedikwatocin ƙananan hukumomi suna samun ma'aikata, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da 'yan sanda waɗanda aiki ya kawo. Waɗannan suna da albashi, biyansu ya fi tabbas. Akwai kuma 'yan kasuwa masu neman shago a bakin titi. Sannan akwai mutanen ƙauye da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, suka shigo gari, musamman Anka. Su suna da bukatar ɗaki sosai, amma gonarsu tana can baya, ba kullum suke da abin biya ba. Mai gida ya san wannan tun farko, ya yanke abin da zai iya ɗauke masu saboda Allah, kada ya sa shi cikin lissafin riba.

Masu haƙar zinari kuwa baƙin kwana ne. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ba a ɗage hanin ba sai a Disamba 2024. Wanda ya gina ɗakuna don su kaɗai, ya jingina dukiyarsa ga abin da sanarwa ɗaya za ta iya tsayarwa.

Ga misalin lissafi. A ce mutum ya kashe Naira miliyan 6 a kan gida mai ɗaki 6, kowane ɗaki Naira 5,000 a wata. A baki, kuɗin shekara Naira 360,000 ne. To amma ba duka za su shiga aljihu ba. A cire Naira 60,000 na gyaran kwano, yaɓe da yasar masai. A cire wata Naira 60,000 ta watannin da ɗaki ya zauna babu kowa, da bashin wanda ya tashi cikin dare. Saura Naira 240,000, watau Naira 4 ke nan a kan kowace Naira 100 da aka zuba. Kafin uwar kuɗi ta dawo sai an yi shekara 25. Darajar filin tana iya hawa, wannan riba ce ta daban, amma ba a ganin ta sai ranar da aka sayar. Dillali ba zai yi wa mai saye wannan lissafi ba, domin shi la'adarsa yake jira. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin siminti da kwano ya yi sama, alhali albashin ɗan haya bai bi shi da wannan gudu ba.

Bayan lissafi sai duba wurin. Gida da damina ake duba shi, ba da rani ba. A ga inda ruwan indararo yake zuba, a duba gindin katanga ko yana jan laima, a tambayi maƙwabta iyakar inda ruwa ya taɓa kawowa. Ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a watan Agusta na 2024 ta rushe gidaje masu yawa. Fili mai arha a cikin kwari kusa da gulbi, arharsa tana da dalili.

A Anka da Bukkuyum akwai ƙarin tambaya guda: an taɓa niƙa dutsen zinari a cikin gidan? A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma. Ƙurar dutsen da ake niƙawa a tsakar gida ce ta gauraya da ƙasa, yara suna wasa suna kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan ko shekara nawa aka yi. Saboda haka mai gida ya gindaya wa duk ɗan haya sharaɗin ba niƙa, ba wanki, ba ajiyar dutsen zinari a gidan.

Sai maganar takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izninsu. Kafin a biya, a ga takardar, a je wurin mai unguwa ko dagaci a ji tarihin filin. Gidan gado da ba a raba ba shi ya fi jawo shari'a. Magaji ɗaya ba shi da ikon sayar da rabon 'yan'uwansa, kuma abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, watau ya biya kuɗin ya karɓe rabon da aka sayar wa bare.

Ranar da ɗan haya zai shiga, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: nawa ne kuɗin, yaushe ake biya, wa zai biya wuta, wa zai yashe masai, mutum nawa za su kwana a ɗakin. Kowane biya a ba da rasit, a kuma shigar a littafi. Kuɗin wata biyu a kowace shekara a ware su don gyara, a kira kafinta ya hau kwano kafin ruwan farko.

Idan zama ya ƙi daɗi, ba a cire ƙofa ko kwano, ba a watsar da kayan mutum waje. A bisa dokokin haya, in ba a rubuta wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata ana ba shi sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata shida. In wa'adi ya cika bai tashi ba, a fara da mai unguwa, in ta gagara sai kotu.

Game da zakka, malamai sun bayyana cewa ba a fitar da ita a kan ginin gidan haya. Ana fitar da ita ne a kan kuɗin hayar da aka tara, idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu.