Tsohuwar Jitar Lantarki da Sabuwar da Aka Kwaikwayo Daga Gare Ta: Ina Bambancin Yake?

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Makaɗan jitar lantarki na Amurka da Turai ba su san wannan karin magana ba, amma da yawansu sun yi imani da ma'anarsa, har suna zuba dukiya a kai. A shekarar 1959 kamfanin Gibson yana sayar da jitarsa mai suna Les Paul Standard a kan dala 265. A yau duk mai son mallakar ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙera a waccan shekara sai ya tanadi dubban ɗaruruwan daloli. Alhali kuwa wannan kamfani dai yana nan yana ƙera sababbi waɗanda ya kwaikwayo daga tsofaffin, tun daga kaurin wuya har zuwa launin fenti, yana sayar da su a kan 'yan dubbai kawai. To, shin akwai wani abu a jikin tsohuwar da ya gagari masu ƙirar zamani? Kafin mu amsa, dole ne mu fara sanin ta inda sautin jitar lantarki yake fitowa.

Mai karatu ya san gurmi da garaya. Idan makaɗi ya taɓa tsirkiya sai ta yi ta karkarwa, amma tsirkiya siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Saboda haka ake ɗora ta a kan ƙoƙo ko akushin da aka rufe da fata, karkarwar ta ratsa zuwa fatar, fatar kuma ta tura iska har sauti ya iso kunne. A irin waɗannan kayan kiɗa jiki shi ne murya. Jitar lantarki ba haka take ba. Jikinta guntun katako ne daskararre, babu rami a ciki, kuma in aka kaɗa ta ba tare da an jona ta da na'urar ƙara sauti ba, da ƙyar na ƙarshen ɗaki zai ji. Wajen shekarar 1940 makaɗin nan Les Paul ya nuna haka a aikace, inda ya ɗaura tsirkiyoyi a jikin wani gungumen katako mai kusurwa huɗu, ya kuma yi kiɗa da shi.

Muryar jitar lantarki tana cikin wata 'yar na'ura da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda za mu kira maɗaukin sauti. Ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Kaurin wayar bai wuce milimita 0.06 da 'yan kai ba, wato kusan kaurin gashin kai, kuma a jitar Stratocaster ta kamfanin Fender akan yi naɗi wajen 8,000. Tsirkiyar ta ƙarfe ce, don haka maganaɗisun yakan mayar da sashen da ke samansa tamkar wani ƙaramin maganaɗisu. Da zarar ta motsa, ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin wayar sai ya riƙa canzawa, wannan canji kuwa shi ke haifar da lantarki a cikin wayar. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, kuma ita ce dai ke aiki a cikin janareta. Tsirkiyar da ke karkarwa sau 110 a sakan guda za ta haifar da lantarki mai kai da komo sau 110 a sakan, na'urar ƙara sauti ta ƙarfafa shi, lasifika ta mayar da shi sauti. Malamin da ke da maganaɗisu da waya yana iya gwada wannan a aji. In ya miƙe wayar ƙarfe a saman naɗin ya taɓa ta, lasifika za ta yi magana. In ya sa zaren roba a madadinta, shiru za a ji, ko da kuwa zaren na karkarwa.

A nan ne batun ya fara daɗi. Maɗaukin sauti ba ya isar da dukkan sautuka daidai wa daida. Naɗin waya yana da halin tauye lantarkin da ke saurin canzawa, ita kuma igiyar da ke haɗa jita da na'urar ƙara sauti takan ɗan riƙe caji a jikinta. Haɗuwar waɗannan halaye biyu kan sa a fifita wani yanki na sauti, galibi tsakanin karkarwa 2,000 zuwa 5,000 a sakan, sannan a danne abin da ya haura haka. Wurin da wannan fifiko ya faɗa shi ne babban abin da ke ba jita launin muryarta. In aka ƙara yawan naɗi, yankin da ake fifitawa sai ya sauko ƙasa, murya ta yi ƙarfi da kauri. In aka rage, sai ta yi siriri da zaƙi. Abin mamaki, sauya gajeriyar igiya da doguwa ma yana saukar da shi. Ke nan makaɗi na iya canza muryar jitar da ya saya da tsada ta hanyar canza igiyar da ba ta taka kara ta karya ba.

Duk waɗannan abubuwa ana iya auna su, abin da aka auna kuwa ana iya sake yin sa. Sai dai da masu bincike suka fara auna tsofaffin, sun tarar da wata matsala: ba su yi daidai da juna ba. A 1957 Gibson ya fara sanya wani sabon maɗauki da injiniyansa Seth Lover ya ƙirƙiro, mai naɗi biyu masu saɓanin juna, domin su kashe gurnanin da wayoyin wutar gida ke jawowa. Kowane naɗi an nufi ya kai wajen 5,000, amma ma'aikata ba su cika tsayar da inji a wuri guda ba. Shi ya sa in an auna turjiyar waɗannan maɗaukai a yau ake samun wasu kusa da om 7,000, wasu kuma sun doshi 9,000. Maganaɗisun ma, wanda ake kira alniko domin haɗin alminiyam da nikel da kobal da baƙin ƙarfe ne, ba iri ɗaya aka riƙa sa wa ba. A Fender kuwa da hannu ake jagorar waya yayin da inji ke juyawa, kuma hannun kowace ma'aikaciya daban ne. Saboda haka idan aka ce "muryar 1959", sai a tambaya: ta wacce jita? Masu kwaikwayo kan zaɓi wasu ƙalilan da suka yi suna, su auna su, su ƙera irinsu da dubbai. Sabuwar ta fi tsohuwar daidaito, wannan kuwa shi ne ainihin inda ta kauce mata.

Yana da kyau a san yadda aka yi tsofaffin suka sami wannan daraja, domin ba da ita aka haife su ba. Les Paul Standard ba ta yi kasuwa ba a zamaninta. Tsakanin 1958 da 1960 ba a ƙera abin da ya kai 2,000 ba, daga nan kamfanin ya sauya mata siffa baki ɗaya. Sai a 1966, da Eric Clapton ya yi amfani da ɗaya a wani faifai da ya yi tare da John Mayall, matasa suka shiga nemanta a shagunan kayan gwanjo. Shi kuma Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a 1965, kuma a shekarun da suka biyo baya makaɗa suka yi ta kukan cewa an fifita yawa a kan inganci. Kamfanonin Japan su ne suka fara gane cewa akwai kasuwa a nan, suka shiga kwaikwayon tsofaffin samfura a ƙarshen shekarun 1970. Fender ya mayar da martani a 1982 da nasa kwaikwayon na samfuran 1952 da 1957 da 1962, Gibson kuma ya buɗe jerin nasa na tarihi a 1993. Wata ma'aikaciya mai suna Abigail Ybarra, wadda ta shiga Fender a 1956, ta ci gaba da naɗa waya har zuwa 2013, wato hannu ɗaya ne ya naɗa na wasu tsofaffin da na wasu sababbin.

Saura batun katako, wanda a kansa aka fi yin gardama. Gaskiya ne akwai katakon da ba a samu yanzu kamar da. Baƙin katakon Barazil da ake shimfiɗawa a fuskar wuyan jita, inda yatsu ke dannawa, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992 domin itacen ya kusa ƙarewa, ko da yake tun kafin nan kamfanoni sun riga sun koma ga ɗan uwansa na Indiya. Katakon jikin Les Paul, wanda dangin maɗacinmu ne amma daga Amurka ta Tsakiya, shi ma an sa wa cinikinsa takunkumi a 2003. Amma me katako ke yi a jitar lantarki? Maɗaukin sauti ba ya jin katako, motsin ƙarfe kawai yake ji. Hanyar da katako zai iya shiga maganar ita ce ta shanye wani ɓangare na ƙarfin tsirkiya, sautin ya mutu da wuri. Wannan yana faruwa, musamman a wuyan jita domin shi ne siriri mai lanƙwasuwa, har akan sami wasu wurare a jikinsa da sauti ba ya daɗewa. Manfred Zollner, wani farfesa a birnin Regensburg na Jamus wanda ya shafe shekaru yana auna jitoci, ya kai ga cewa tasirin katakon jiki ƙarami ne ƙwarai in aka kwatanta da na maɗauki da tsirkiya da ƙarfen da take hawa kai. Masu cewa katakon ya bushe da shekaru su tuna da ƙofar ɗaki, wadda ke kumbura da damina ta motse da hunturu komai tsufanta. Katako yana bin laimar iskar da yake ciki ne.

To, kunne fa? Ai makaɗa da yawa sun rantse suna jin bambanci. Gwajin da ya fi shahara a wannan fanni ba a kan jita aka yi shi ba, a kan gogen Turawa ne, inda ake ɗaukaka waɗanda Antonio Stradivari ya ƙera a Italiya shekaru fiye da 280 da suka wuce. A 2010 Claudia Fritz da Joseph Curtin suka tara makaɗa 21 a birnin Indiyanafolis, suka sa musu baƙin tabarau a ɗaki mai duhu-duhu, suka ba su goge shida, uku tsofaffi uku sababbi. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 suka ɗauki sabo. An maimaita a Faris a 2012 da manyan makaɗa goma, shida suka zaɓi sabo, kuma ba su iya rarrabe tsoho da sabo ba fiye da mai canki-canki. Goge dai ba jita ba ne, amma muryarsa kacokan daga katako take fitowa. Idan shekaru sun kasa bayyana kansu a can, da wuya su bayyana a kayan kiɗan da waya da maganaɗisu ke yi wa magana. A ganinmu makaɗan ba ƙarya suke yi ba. Wanda ya san abin da ke hannunsa ya kai kuɗin gida yakan saurara da wani irin kunne, yakan kuma yi kiɗa da wani irin hannu. Ban da haka, tsofaffin da suka rage a hannun makaɗa su ne waɗanda aka so aka kula da su. Marasa daɗin an daɗe da wargaza su an yi gyara da sassansu.

Bambancin da ido ke gani shi ne ya fi tabbata. Tsohon fentin, wanda ake kira naitiro, yakan yi rawaya ya tsattsage da shekaru, jan launin Les Paul na 1959 kuma hasken rana yakan kashe shi ya bar ruwan zuma. Fender ya koma ga fenti mai kauri irin na roba wajen 1968. Da kamfanoni suka ga mutane na son alamun tsufa, sai suka fara ƙirƙirar su. Tun 1995 Fender ke sayar da sababbin jitoci da aka kankare wa fenti aka sa wa ƙarafa tsatsa da gangan, kuma sun fi waɗanda ba a taɓa ba tsada.

Kuɗin tsohuwar jita, ashe, kuɗin ƙaranci ne da na tarihi. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd, an ƙera ta ne a 1969, wato a zamanin CBS da ake kushewa. Ya sauya mata wuya ba sau ɗaya ba, ya sauya maɗaukai, har rami aka taɓa fafewa a jikinta aka sake cikewa. Duk wanda ke tara tsofaffin jitoci zai ce an ɓata ta. A watan Yunin 2019 aka yi gwanjonta a Niyok a kan dala 3,975,000, shekara 11 bayan Fender ya fara sayar da kwaikwayonta, wanda aka kwafe har da ƙujewar fentinta.