Ayawaska: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Dare ya raba a wata babbar bukka cikin kurmin Amazon, a ƙasar Peru. An kashe fitila. Baƙi daga ƙasashe daban-daban suna zaune kan katifu, kowa da bokiti a gabansa. Mai magani yana busa hayaƙin taba, yana rera waƙoƙin kiran iskoki, yana miƙa wa kowa ɗan kofi na wani baƙin tsimi mai kauri da ɗaci. Kafin awa guda amai ya ɓarke, wasu har da gudawa, idanu sun fara gane-gane. Haka za a kwashe awa huɗu ko fiye. Wannan ita ce ayawaska, wadda ake tallatawa a intanet da sunan maganin baƙin ciki da shaye-shaye.

Tsimin haɗin tsiro biyu ne. Ganyen cakuruna na ɗauke da sinadarin DMT mai juya hankali, wanda in aka sha shi kaɗai wani mai gadi da ke cikin hanji da hanta kan rusa shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Sai aka haɗa shi da wata igiyar kurmi mai ɗaure wa wannan mai gadi hannu, DMT ya wuce salin alin. Ƙabilu irin su Shipibo sun daɗe suna amfani da tsimin, har Peru ta sa shi cikin kayan gadonta a 2008. Amma DMT na cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, don haka mai sako shi a jaka na iya kwana a hannun hukuma.

Masu shirya bikin kan ce a kiyayi gishiri, sukari, naman alade, giya da saduwa na wasu kwanaki. Babban hatsarin kuwa ba a kwanon abinci yake ba, yana cikin magungunan da mutum ya saba sha. Mai gadin da aka ɗaure shi ne kuma ke rage wasu sinadaran jiki. Idan tsimin ya tarar da maganin baƙin ciki irin fluoxetine, ko tiramadol, ko wasu magungunan tari da mura, zazzaɓi mai zafi kan taso da makyarkyata da farfaɗiya, wani lokaci har a rasa rai. Fluoxetine kan yi mako biyar bai gama fita daga jini ba, kuma yanke shi farat ɗaya ba da sanin likita ba wata fitinar ce. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, mai juna biyu, da wanda taɓin hankali ya taɓa samunsa ko yake cikin danginsa, duk su nisance shi.

Sai batun wanda ke zuba kofin. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma inda dala ke zuba ba a rasa bokayen ƙarya. Wasu kan ƙara wani tsiro da ake kira towe, ɗan uwan zaƙami, don baƙo ya ce abin ya yi ƙarfi. Wanda ya ga yadda zaƙami ke haukata samari ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2012 wani Ba'amurke ɗan shekara 18 ya mutu a irin wannan sansani a Peru, mai maganin ya binne gawar a ɓoye. A 2014 wani Bature ɗan Ingila mai shekara 19 ya rasu a Kolambiya bayan ya sha. Mata kuma sun sha kai ƙarar cin zarafi a lokacin da ba su cikin hayyacinsu, har ofishin jakadancin Amurka a Lima ya gargaɗi 'yan ƙasarsa.

Ga nisa. Birnin Ikitos, cibiyar wannan kasuwa, ba ya da hanyar mota zuwa sauran ƙasar, sai jirgin sama ko na ruwa. Sansanonin kuwa suna can gaba cikin kurmi. Idan numfashi ya sarƙe da ƙarfe biyun dare, kwalekwale ne motar asibiti.

Wanda ya nace sai ya je, ya fara zuwa wurin likita ya zayyane duk abin da yake sha, kada ya ɓoye ko ƙwaya ɗaya. Ya yi allurar shawara, ya tanadi rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ya tambayi sansanin: me da me ke cikin tukunyar, wa ke zama a farke yana lura, awa nawa ne zuwa asibiti? Wurin da ya karɓi kuɗinka bai tambayi lafiyarka ba, aljihunka yake so. Mace kada ta keɓe da mai magani. Musulmi kuma ya san abin maye ne, ga kiran iskoki a ciki, ya nemi fatawa tun bai sayi tikiti ba.

Baƙin cikin da zai sa mutum ya tsallaka teku ciwo ne na gaskiya, kuma ana maganinsa a asibiti inda akwai wanda za a tuhuma idan an yi kuskure. A cikin kurmi, bokiti kawai za a ajiye maka.