Tsakanin Tonon Asiri da Rufin Asiri: Yadda Kirista Ke Furta Zunubi

Ranar Asabar da la'asar, idan ka leƙa majami'ar Katolika a Kaduna ko Zariya ko Maraɗi, za ka iya tarar da wani layi da bai yi kama da layukan da muka saba ba. Babu turereniya, babu hira, babu mai cewa ni na riga ka. Mutane na zaune a kan benci kowa ya sunkuyar da kai, an bar tazara da gangan tsakaninsu da wanda ake saurara, don kada kunne ya tsinci abin da ba nasa ba. Can a gefe Fada, wato limamin majami'ar, na zaune, ya rataya dogon ƙyalle launin shunayya a wuya. Wani wurin akwai ɗan ɗakin katako mai raga a tsakiya, wani wurin kuwa kujera ce kawai a gindin darbejiya. Mai tuba zai durƙusa, ya yi alamar gicciye, ya faɗi tsawon rabonsa da zuwa, sannan ya shiga zayyana abin da ya aikata da bakinsa. Fada ya yi masa 'yar nasiha, ya ɗora masa wani aikin tuba, yawanci addu'a ko sadaka, ya ɗaga hannu ya sanar da shi gafara da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sau da yawa ko minti biyar ba a kaiwa.

Wanda ke hange daga nesa yakan yi tambaya, kuma tambayar tana da nauyi: mutum ne zai yafe wa mutum laifin da aka yi wa Allah? Wani ma har da zolaya, wai a yi ta'asa daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar a je a wanke. Ba Musulmi kaɗai ke wannan tambaya ba. Kiristan ECWA ma yana yi wa ɗan'uwansa na Katolika ita, an kuma shekara ɗari biyar ana yi.

Abin da duk ɗarikun Kirista suka haɗu a kai shi ne, Allah ne mai gafara, kuma a imaninsu gafarar tana zuwa ne ta mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye. Inda suka rabu shi ne batun kunne: dole ne wani ɗan Adam ya ji, ko ya isa mutum ya shiga ɗaka ya faɗa wa Ubangijinsa? Katolika na cewa Fada wakili ne, ba da ikon kansa yake magana ba. Suna kafa hujja da Injilar Yohanna sura 20, inda Yesu bayan tashinsa ya ba manzanninsa izinin yafewa da riƙewa. Suna kuma da sharuɗɗa. Wanda bai yi nadama ba, ko ya ɓoye babban zunubi da gangan, ko ya zo da niyyar komawa gidan jiya, zuwansa aikin banza ne, kuma Fada na da ikon ƙin sanar da gafara idan ya ga babu tuba. Musulmin da ya san sharuɗɗan tuba, wato nadama da dainawa da ƙudurin rashin komawa da mayar da haƙƙi, ba zai ji baƙunci a nan ba, sai dai a wajen furtawa ga wani.

To me ya sa sai an furta? Labarin da Kirista suka fi komawa gare shi na Sarki Dauda ne, kamar yadda Littafi Mai Tsarki ya kawo shi. Dauda ya ɗauki matar sojansa Uriya, ya sa aka tura mijin bakin daga ya mutu, ya ci gaba da mulki kamar ba a yi komai ba. Sai Annabi Natan ya zo masa da ƙara: wani attajiri mai garke ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani talaka ya yanka wa baƙonsa. Dauda ya fusata, ya yanke wa attajirin hukunci nan take. Natan ya ce masa ai da shi ake. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dauda ya san abin da ya yi tun farko, amma sai da wani ya tsaya a gabansa sannan bakinsa ya buɗe. Zabura ta 51, wadda ake yawan karantawa a lokutan tuba, ana danganta ta da wannan rana. A ganina hikimar abin a nan take. Mutum na iya shekara yana gaya wa zuciyarsa cewa kuskure ne, ko aro ya yi zai mayar. Ranar da ya ce "na sata" wani yana ji, kalmar ta fita da sunanta na gaskiya.

Sai dai wannan ɗakin sirri da muka gani ba da shi aka fara ba. A ƙarnukan farko tuba a bainar jama'a ake yin ta. Wanda ya yi kisa ko zina ko ridda yakan sa tsumma, ya tsaya a bayan ikilisiya, a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a sujada, na watanni ko shekaru, sannan bishop ya ɗora masa hannu a karɓe shi. Kuma sau ɗaya tak ake ba da wannan dama a rayuwa.

Abin da ya gwada wannan tsari ya faru a shekarar 250, lokacin da Sarkin Rum Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Wasu Kirista suka ƙi aka kashe su, wasu suka yi hadayar, wasu kuma suka bi ta bayan fage suka sayi takardar da cin hanci ba tare da sun yanka komai ba. Da ƙura ta lafa waɗanda suka ja da baya duk suka dawo bakin ƙofar ikilisiya. Ka ɗauka a ranka matar da aka kashe mijinta don ya ƙi ja da baya, ga maƙwabcin da ya sayi takarda yana neman ya zauna kusa da ita. Wani limami a Rum mai suna Nobatiyan ya ce a rufe musu ƙofa, ya ware da mabiyansa. Bishop Sifiriyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tara bishop-bishop a 251 suka bi tsaka-tsaki: a duba kowa da girman laifinsa, masu sayen takarda a karɓe su bayan horo, masu hadaya kuwa su ci gaba da tuba har sai in ajali ya matso. Ko sarauta ba ta kuɓutar da mutum ba. A 390, bayan sojojin Sarki Tiyodosiyus sun hallaka dubban mutane a Tasalonika, Bishop Ambros na Milan ya hana shi Jibin Ubangiji, har sai da ya ajiye kayan sarauta ya tuba a gaban talakawansa.

Tsauri ya yi yawa, mutane kuma suka samo dabara. Tunda dama ɗaya ce, sai a ajiye ta har kan gadon mutuwa. Mafita ta zo daga inda ba a zata ba, daga sufayen tsibirin Ailan a ƙarni na 6. Su al'adarsu ita ce ƙaramin sufi ya je wurin babba ya buɗe masa cikinsa a keɓe, a yanka masa azumi gwargwadon laifi, gobe in ya sake faɗuwa ya sake dawowa. Har littattafai suka rubuta masu lissafa kowane laifi da yawan kwanakinsa, kamar takardar farashin kaya. Manyan ikilisiya ba su so abin ba da farko, taron bishop-bishop na Toledo a Sifaniya ya yi tir da shi a 589, amma jama'a sun riga sun ga sauƙi. A 1215 babban taron Lateran na huɗu, ƙarƙashin Paparoma Innocent na Uku, ya mayar da shi doka: duk wanda ya kai munzalin hankali ya furta zunubansa ga limaminsa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wannan taro ne kuma ya ɗaure bakin mai sauraro. Limamin da ya fallasa abin da ya ji, a tuɓe shi a kulle a gidan sufaye ya ƙare rayuwarsa cikin tuba. A dokar Katolika ta yau, Fadan da ya tona asirin mai tuba kai tsaye ya fita daga zumuntar ikilisiya nan take, kuma fadar Paparoma ce kaɗai ke iya ɗage masa hukuncin. Ba zai gaya wa matar mutum ba, ba zai gaya wa bishop ba, ba zai gaya wa alƙali ba. Ga Bahaushe, wanda kullum addu'arsa Allah ya rufa asiri, darajar wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Magana zarar bunu ce, kuma da babu wannan tabbaci babu mai durƙusawa. Amma abin na da ƙaya. Bayan binciken cin zarafin yara da aka kammala a Ostareliya a 2017, jihohi da dama a can sun kafa dokar tilasta wa limamai kai rahoton irin wannan laifi ko a ɗakin tuba suka ji shi, bishop-bishop kuma suka ce ba za su karya sirrin ba. Hujjarsu ita ce ranar da aka san Fada zai kai ƙara, mai laifin ba zai zo ba balle a matsa masa ya miƙa kansa. Iyayen yaran da aka cuta ba su gamsu da wannan amsa ba, ni ma ba zan ce musu su gamsu ba.

Zolayar nan ta wanki ranar Asabar tana da tushe a tarihi. A farkon ƙarni na 16 ana yawo a Jamus da takardun sassaucin horon zunubi ana karɓar kuɗi, wani kaso na tafiya ginin majami'ar Bitrus a Rum. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya yi suna wajen tallarsu. A 1517 Martin Luther, sufi kuma malamin jami'a a Wittenberg, ya rubuta batutuwa 95 yana ƙalubalantar cinikin, na farkonsu kuwa cewa yake tuba aikin dukan rayuwar mai bi ce. Gyara kayanka ya nufa, sai abin ya zama sauke mu raba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Luther bai daina furta zunubi ga wani ba har ya mutu, tilascin ne ya ƙi. Katolika ma ta gyara gidanta: taron Trent ya jaddada furtawa ga limami a 1551, a 1567 kuma Paparoma Pius na Biyar ya soke duk sassaucin da ke haɗe da kuɗi.

Yawancin Kiristan da ke sujada da Hausa jikokin wannan rabuwa ne. A ECWA da COCIN da EYN da Baftis ba a durƙusa wa fasto a lissafa zunubi, mutum kai tsaye yake roƙon Allah da sunan Yesu, suna dogaro da wasiƙar Yohanna ta fari da ke tabbatar da gafara ga mai furtawa. Angilika kuma sukan yi furci na bai ɗaya cikin sujada. Amma duba wani abin mamaki. Majami'u da dama da suka ƙi ɗakin sirri sun koma kan tsarin ƙarnin farko ta hanyar abin da suke kira horo. Idan laifi ya fito fili, dattawan ikilisiya su zauna, a sanar ranar Lahadi cewa an sa wane a horo. Zai koma bencin baya, ba Jibin Ubangiji, ba waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ba riƙe muƙami a zumuntar mata ko ta matasa, har sai wa'adi ya cika an tsayar da shi a gaba an karɓe shi da addu'a. Tsarin na da amfani idan an yi shi da tausayi. Rauninsa shi ne laifin da ido ke gani ya fi kamawa. Yarinyar da ciki ya bayyana gare ta ba ta da wurin ɓuya, wanda ya cinye gadon marayu kuwa yana iya zama a layin gaba da babbar riga.

Akwai kuma haƙƙin mutane, wanda babu ɗarikar da ta ce furci na shafe shi. A Injilar Luka sura 19, Zakka shugaban masu karɓar haraji a Yariko ya nuna tubarsa da aljihunsa: rabin dukiyarsa ga matalauta, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ɓarawon da ya je wurin Fada, abin da zai ji shi ne ya mayar da kayan mutane. Wanda aka yafe wa kuma an ɗaure shi da yafe wa wasu. Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, ya fito ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na lebura, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Wato an yafe masa ladan kwana miliyan 60, shi ya kasa haƙuri da na wata uku da 'yan kwanaki.

Yafiyar ma ba ta tsayar da shari'a. Ranar 13 ga Mayu 1981 wani Baturke, Mehmet Ali Agca, ya harbi Paparoma John Paul na Biyu a dandalin Bitrus. Tun yana gadon asibiti Paparoman ya sanar cewa ya yafe masa. A Disambar 1983 ya je kurkukun Rebibbia a Rum, suka zauna kan kujeru biyu a lungun ɗaki, kai kusa da kai, suna magana ƙasa-ƙasa kimanin minti ashirin, masu ɗaukar hoto na tsaye nesa ba su jin komai. Da aka gama, Paparoma ya koma gida, Agca kuwa ya ci gaba da zama a tsare. Ya zauna a kurkukun Italiya har 2000, daga nan aka miƙa shi Turkiyya ya biya wasu tsofaffin laifuffuka, sai a 2010 ya kammala zaman kurkukunsa.